Gemu da Faɗuwa: Daga Filin Ƙanƙara Zuwa Gulbin Rima

A wuraren da ake koyar da wasan zamiya a kan ƙanƙara a Turai da Amurka, akwai tsarin da kusan kowane malami yake bi a ranar farko. Kafin a nuna wa sabon ɗalibi yadda zai tura ƙafa ya tafi, sai an fara koya masa yadda zai faɗi. Ana ce masa ya lanƙwasa gwiwa, ya sauke jikinsa ƙasa-ƙasa, ya karkata ya zube ta gefen cinya, ya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙanƙara, ya kuma janye yatsunsa kada wani mai wucewa ya bi ta kansu da ƙarfen takalmi. Daga nan sai darasin tashi: a durƙusa kamar mai rarrafe, a kafa ƙafa ɗaya tsakanin hannuwa, a dafa gwiwa a miƙe. Yaro ɗan shekara biyar yakan ɗauki wannan darasi wasa, har ya riƙa faɗuwa da gangan yana dariya. Magidanci ɗan shekara arba'in kuwa yakan tsaya riƙe da katangar filin yana waige-waige, yana duba ko akwai wanda ya san shi.

Mai karatu a Wurno ko Rabah ko Goronyo, inda zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Ƙanƙarar da aka sani a can ita ce ta cikin kular masu sayar da zoɓo, sai kuwa wadda takan faɗo tare da ruwan damina ta ɓata shuka. Amma wannan waiwaye na magidanci sananne ne a bakin Gulbin Rima. Shi ne yake hana manya da yawa koyon iyo, alhali suna hawa kwalekwale duk ranar kasuwa. Mafi yawan abin da ke tsakanin babba da sabuwar fasahar jiki tsoron a gan shi yana koyo ne. Ƙashi da tsoka suna da nasu rabo, amma bai kai yadda ake zato ba. A filin ƙanƙara, abin da wannan tsoro yake jawowa shi ne rasa wani nishaɗi. A gulbi kuwa rai yake ci.

Wasan da aka ɗauka na yara ne

Zamiyar da ake magana a kanta ita ce wadda ake haɗawa da juyi da tsalle da kiɗa. Ana yin ta da takalmin fata mai tauri wanda ya rufe idon sawu, a ƙarƙashinsa an ɗaura wani siririn ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 4. An ƙwaƙule tsakiyar ƙarfen daga gaba zuwa baya, sai ya zama yana da baki biyu, na ciki da na waje. Gwanintar wasan tana cikin sanin bakin da za a jingina nauyi a kai, domin karkata zuwa ɗaya daga cikinsu ita take sa mutum ya yi kwana maimakon ya tafi miƙe. Daga nan ma wasan ya samo sunansa a Turanci: a da, ana auna gwani ne da kyawun siffofin da ƙarfensa ya zana a kan ƙanƙara, musamman siffar lamba 8, har alƙalai su sunkuya su duba layin da ya bari. Sai a 1990 aka cire wannan jarrabawar zane daga manyan gasannin duniya.

An kafa ƙungiyar wasan ta duniya, ISU, a ƙasar Holan a 1892, ya kuma shiga gasar Olamfik a Landan a 1908, shekara 16 kafin a fara Olamfik ta hunturu a Chamonix ta Faransa a 1924. A hankali ya zama wasan ƙuruciya. Zakarunsa sukan fara tun suna shekara huɗu ko biyar. Tara Lipinski ta Amurka ta ci zinare a Nagano a 1998 tana shekara 15. Abin ya kai ga a 2022 ISU ta yanke shawarar ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga babbar gasa daga 15 zuwa 17, domin kare lafiyar ƙananan 'yan wasa.

Duk da haka manya sun nema wa kansu wuri. A 1995 Amurka ta fara gasar ƙasa ta manya zalla. A 2005 ISU ta soma tata a garin Oberstdorf na Jamus, inda sai mai shekara 28 zuwa sama yake shiga, ana kuma raba mutane rukuni-rukuni bisa shekaru da iyawa. Akwai masu furfura a cikinsu, akwai waɗanda ba su taɓa sa takalmin ba sai da suka girma. Babu wanda ya yi musu alkawarin Olamfik, su ma ba ita suka zo nema ba. Abin da aka ba su shi ne aji nasu na kansu, inda faɗuwar mai gemu ba ta zama labari.

Nijeriya ma tana da nata misali a kan ƙanƙara, ko da yake a wani wasa ne daban. Simidele Adeagbo, tsohuwar 'yar wasan tsalle, ta fara hawa keken zamiya na kwanciya rub da ciki a 2017 tana shekara 36. Cikin 'yan watanni ta wakilci ƙasar a Olamfik ta hunturu a Pyeongchang ta Koriya ta Kudu, a watan Fabrairun 2018. Ta zo ta 20, wato ƙarshen jeri. Ta san haka na iya faruwa tun kafin ta tafi, ta kuma yarda ta zama 'yar koyo a idon duniya.

Abin da shekaru suke ragewa, da abin da suke bari

Tsoron babba yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. Yaro mai nauyin kilo 20 yana faɗowa ne daga tsayin kimanin santimita 60, idan aka auna daga tsakiyar nauyin jikinsa. Babba mai kilo 75 yana faɗowa daga kimanin mita ɗaya. In aka yi lissafi, ƙarfin da jikin babban yake kaiwa ƙasa da shi ya ninka na yaron kusan sau shida. Ƙashin yaro ɗanye ne, yana ɗan lanƙwasawa kafin ya karye, kuma yana saurin haɗewa. Tsokar mutum kuwa tana fara raguwa bayan shekara 30, da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma idan ba a motsa ta. Sannan babba yana da bakunan da yake ciyarwa. Karayar wuyan hannu ga tela ko direba ko likita na nufin mako shida ko fiye babu aiki. Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba su yi ƙarya ba.

Sai dai karin maganar ya tsaya a kan icce, bai yi maganar ƙwaƙwalwa ba. Tsayuwar mutum daidai ta dogara ne ga saƙonni daga wurare uku: ido, da wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke can cikin kunne, da jijiyoyin tafin ƙafa da na gaɓoɓi. Ƙwaƙwalwa ce take haɗa saƙonnin ta ba tsoka umarni, kuma ba ta daina koyon sabon haɗi. A 2004 masu bincike a Jami'ar Regensburg ta Jamus suka wallafa wani aiki a mujallar Nature. Sun koya wa manya wasan cilla ƙwallaye uku sama ana cafewa, na tsawon wata uku, sai hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna ƙaruwa a sashen da ke lura da motsin abubuwa. A 2008 aka maimaita gwajin da mutane masu kimanin shekara 60, aka ga irin wannan canji, ko da yake ba su kai matasa ƙwarewa ba. Marubucin nan na Rasha, Leo Tolstoy, sai da ya tsufa ya koyi hawa keke.

A 1967 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Paul Fitts da Michael Posner, suka bayyana cewa koyon kowace fasahar jiki yana bin matakai uku. A na farko mutum yana tunanin kowane motsi ɗaya bayan ɗaya, jikinsa a sandare, kuskurensa da yawa. A na biyu motsin yana fara haɗewa, kuskure yana raguwa. A na uku jiki yana yin aikin da kansa, kamar yadda ɗan acaɓa yake canza giya yana hira. Babu mai tsallake mataki na farko, yaro ne ko babba. Bambancin shi ne yaro yana wuce shi a lokacin da kowa yake sa ran ya yi tuntuɓe, domin da rarrafe yaro kan tashi. Babba kuwa yana shiga matakin ne da rawaninsa da muƙaminsa, da surukai da almajirai suna kallo. Yawancin manya da suke cewa sun tsufa da koyo, abin da suke gudu shi ne 'yan makonnin nan na farko.

Gudun yana da tsada ko da babu ƙanƙara babu gulbi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kimanin 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Daidaiton jiki abu ne da yake dusashewa idan aka bar shi, yake kuma farfaɗowa idan aka motsa shi. Ma'aikacin da ya yi shekara ashirin tsakanin kujerar ofis da kujerar mota, yana ganin tsalle da guje-guje sun saɓa wa girmansa, shi ne santsin banɗaki zai fi kayarwa ranar da ya yi ritaya.

'Yan'uwa biyu daga Magarya

Akwai wasu 'yan'uwa biyu daga Magarya ta Wurno da labarinsu ya haɗa ɓangarorin nan biyu. Ƙanin yana karatun digiri na uku a Nottingham ta Ingila, garin Jayne Torvill da Christopher Dean, waɗanda suka ci zinare a rawar ƙanƙara a Sarajevo a 1984. A garin akwai babbar cibiyar wasannin ƙanƙara da aka buɗe a 2000, can yake kai 'yarsa duk Asabar. Ya yi makonni yana zaune a benci cikin rigar sanyi yana kallo, har ranar da yarinyar ta ce, "Abba, kai ma ka shigo mana." Yana da shekara 36 ya rubuta sunansa a ajin manya. Bayan wata guda matarsa ta ɗauki bidiyonsa yana tafe yana tangaɗi, ya zube, ya tashi, ta tura a zauren WhatsApp na dangi.

Yayan, wanda yake shugabantar wata makarantar firamare a ƙetaren gulbi, ya aiko da saƙon murya. "Kai kuwa mi yak kai ka ga wasan yara? Ga gemu, ga ɗiya na kallo. Girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki." Ƙanin bai amsa a zauren ba. Ya kira shi shi kaɗai, suka gaisa, sannan ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, Yaya. Faɗuwa ita anka fara koya muna. Amma ni in na faɗi ƙanƙara ce ƙasa. Kai fa da kake ƙetare gulbi kullum, in jirgi ya kife mi za ka yi?"

Yayan bai iya ruwa ba. Ya tashi a gidan da ake dukan yaro in an ga ƙafarsa da laka, domin uwarsu ta taɓa ganin an ɗauko gawar yaro daga gulbi. Wannan shi ne tarihin 'yan boko da yawa na yankin: 'ya'yan masunta da na manoman fadama sun koyi ruwa, waɗanda aka killace don karatu kuwa sun girma suna tsoronsa, sannan aikin gwamnati ya tura su ƙauyukan da ba a shiga sai da kwalekwale. A daminar da ta biyo baya jirgi ya kife a wani mashigi da ke kusa, aka rasa mutanen da ya sani. Da ruwa ya janye, sanyi kuma ya ja baya, sai ya sami wani tsohon Basarke da ya daɗe yana fitar da shi, ya ce, "Baba, so nike ku koya min ruwa." Tsohon ya dube shi ya ce, "Malam, kai da ka koya ma ɗiyanmu karatu?" Ya ce, "Wanga karatu kam, Baba, ku ad da shi."

Bayan sallar asuba suke fita, a wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba. Darasin farko shi ne ya tsoma fuska ya fitar da numfashi a cikin ruwa. Na biyu shi ne ya kwanta rigingine, tsohon ya tallafe shi da tafin hannu a gadon baya. Sai a mako na uku ya yarda aka zare hannun. A cikin makon ne wasu yaran makarantarsa da suka zo ban-ruwan albasa suka hango shi yana haɗiyar ruwa yana tari. Kafin azahar labari ya zaga gari, har aka laƙaba masa suna. Ya ce wannan makon ya fi masa wuya a kan duk ruwan da ya sha. Bai daina ba. Yanzu yana iya kwanciya a kan ruwa na tsawon mintoci, yana iya ja zuwa gaɓa idan ba ta yi nisa ba. Ba zai ƙetare Rima da damina ba, kuma tsohon ya gargaɗe shi kada ya gwada.

Gulbin da ke ciyarwa

Rayuwar gabashin Sakkwato a kan ruwa take. Gulbin Rima ya ratso ta Goronyo ya biyo ta fadamar Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, ya kuma rasu a cikinsa a 1837. Gulbin Sakkwato ya bi ta Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Da wannan ruwa ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwar da ake lodawa zuwa kudu. Shi ne kuma ya yi ambaliya a watan Satumban 2010, ya cinye ƙauyuka da gonaki, har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A watan Agustan 2025 wani kwalekwale ɗauke da mutum fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki asara. A 2021 ɗin ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatarwa a kan wannan musiba.

Ba za a ɗora laifin kifewar jirgi a kan wanda ya nutse ba. Lodi fiye da kima, da tsofaffin jiragen katako, da tafiyar dare, da rashin rigunan ruwa, da rashin gada a inda ya kamata a ce akwai, su ne manyan dalilai. Gyaransu yana wuyan gwamnatin jiha da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da shugabannin masu fito. Iya iyo ma ba lasisin tsira ba ne, shi ya sa ake cewa gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Abin da yake bayarwa shi ne 'yan mintoci, kuma a gulbin da masunta suke kusa, 'yan mintoci su ne tsakanin ceto da jana'iza.

Yadda nutsewa take faruwa ya nuna dalili. Nauyin jikin mutum kusan daidai yake da na ruwan da ya kai girmansa, kuma huhun da ya cika da iska yana sa mafi yawan mutane su taso. Wanda bai saba ba, da zarar ya ji ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, sai ya miƙe tsaye a cikin ruwa, ya ɗaga hannuwa sama, ya fitar da iskar da ke riƙe da shi. Hannun da ya fita daga ruwa nauyi ne da yake danna kai ƙasa. Irin wannan fafutika ba ta cika wuce minti ɗaya ba, kuma yawanci babu ihu a cikinta, domin bakin yana neman numfashi ne. Maganinta shi ne abin da jiki ya fi ƙi: a kwanta rigingine, a bar kunnuwa su shiga ruwa, a buɗe hannuwa da ƙafafu, a yi numfashi a hankali. Daidai yake da darasin farko na filin ƙanƙara. A duka biyun ana koya wa mutum ya saki jiki a lokacin da zuciyarsa take ce masa ya ƙanƙame, kuma ba a koyon haka da karatu sai da maimaitawa a inda babu hatsari.

Kunya iri biyu

Kunya ado ce a ƙasar Hausa, kuma addini ya yabe ta. Ita take hana yaro ɗaga murya a gaban babba, take hana mutum abin da zai zubar da mutuncin gidansu. Amma malamai sun daɗe da raba ta da wata aba mai kama da ita. An ruwaito daga Mujahid, ɗaya daga cikin manyan tabi'ai, cewa mutum biyu ba sa samun ilimi, mai jin kunyar tambaya da mai girman kai. Nana A'isha ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Akwai kuma wasiyyar da ake jingina wa Sayyidina Umar, ta a koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki. Uban da bai iya ba, yaya zai koyar, ko ya tsamo ɗansa in ya zame?

Wannan yanki ya taɓa warware irin wannan matsala. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, kuma ta zauna a Wurno zamanin ɗan'uwanta Muhammadu Bello, ta kafa tsarin 'Yan Taru domin matan karkara da karatu ya wuce su tun suna ƙanana. Ta naɗa jajis, dattawan mata da ake ba malfa alamar jagoranci, su suke zuwa su karɓi darasi su koma su koyar a ƙauyukansu. Hikimar tsarin ita ce ba a zaunar da uwa a gaban 'yarta ana gyara mata baƙi ba. An haɗa ta da sa'o'inta, a hannun wadda take girmamawa. Bayan kimanin shekara ɗari, a shekarun 1950, Yaƙi da Jahilci ya bi irin wannan hanya, ya ware wa magidanta azuzuwansu. Bahaushe ya yarda gemu ba ya hana ilimi. Abin da ya rage shi ne a yarda cewa jiki ma yana da nasa ilimin, kuma shi ma gemu ba ya hana shi.

Abin da za a iya arowa

Babu mai cewa a gina filin ƙanƙara a Goronyo. Abin arowa daga masu zamiya shi ne tsarinsu, kuma kayan aikinsa suna nan a gida. Malamai suna nan: Sarkawa da sauran masunta sun gaji sanin ruwa kaka da kakanni, kuma duk wanda ya kalli wasannin kabanci a bikin kamun kifi na Argungu ya ga iyakar gwanintarsu. Goran duma da suke dafawa su yi iyo shi ne abin tallafin ɗan koyo. A ƙasar Bangaladash, inda nutsewa take cin yara da yawa, ana kafa shinge da dandamali na itace a cikin tafkin ƙauye a koyar da iyo a ciki, ba tare da an gina wurin wanka na siminti ba.

Sharaɗi na farko shi ne aji na manya zalla, a lokacin da idon jama'a bai yi yawa ba. Na biyu shi ne matakai ƙanana da kowa zai iya aunawa: tsoma fuska, kwanciya rigingine na minti ɗaya, ja na mita goma, sannan gwada duk wannan da tufafi a jiki, tun da babu wanda jirgi yake kifewa da shi yana cikin gajeren wando. Babbar riga da zani idan suka jiƙe suna ɗaure ƙafa, kuma gara mutum ya san haka a ruwan da bai wuce ƙugu ba. Na uku shi ne mata su sami nasu wuri a killace da masu koyarwa mata, domin su ne suke cika jiragen ranar kasuwa da na biki, galibi da goyo.

Akwai abubuwan kiyayewa. Ruwan da ke kwance a bakin madatsa da magudanan ban-ruwa yakan ɗauki dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya, don haka zaɓen wuri yana bukatar shawarar ma'aikatan lafiya, wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, maganin yana nan. Ba a koyo da damina, ba a koyo a ƙasan madatsa inda ake iya sakin ruwa, ba a koyo mutum shi kaɗai. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko farfaɗiya ya fara ganin likita. Halin tsaro a gabashin Sakkwato ma ya sa ba kowane bakin gulbi ake zuwa da asuba ba, wanda hakan ya ƙara nuna cewa aikin na gayya ne, da sanin hakimi da Sarkin Ruwa.

Waɗanda ya kamata su fara su ne waɗanda suka fi jin nauyin farawa: shugabannin makarantu, da jami'an lafiya, da malaman gona, da limamai, da ma'aikatan ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo da aiki yake kai su ƙetare. Idan talaka ya ga mai albashi da furfura yana haɗiyar ruwa a hannun masunci, dariyar kwana biyu za a yi, daga nan abin ya zama al'ada. Lokacin da ya dace shi ne tsakanin ƙarshen sanyi da faɗuwar ruwan farko, daga Fabrairu zuwa Mayu, sa'ad da gulbi ya ja baya, rairayi ya fito, ruwan kuma ya yi ɗumi. Wata huɗu ke nan, sun kuwa isa mutum ya koyi kwanciya a kan ruwa kafin jiragen damina su fara lodi.